Faifan da Ba Ya Buɗewa Sai a Shagonmu

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina buga wa mutane takardu, kuma yawancinsu sun bi ruwa. Amma maganar faifan Baba Hedimasta, wannan kam ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa ina jin ita ce za ta rage. Har yau in na tuna, sai in ga kamar jiya abin ya faru.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina da shekara ashirin da biyu, na gama makarantar koyon aikin sakatariya, na samu aiki a wani shagon buga takardu a Bagama, nan cikin Suleja. Mai shagon ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, mutumin Filato, Oga muke ce masa. Da sassafe yake bin bas ya tafi, sai yamma mu gan shi, don haka shagon a hannuna yake wuni. Kwamfuta ɗaya gare mu, da firinta, da injin fotokofi mai yawan rigima. A lokacin ba kowa ya taɓa ganin kwamfuta ido da ido ba. Mutane kan tsaya ta taga suna kallon yadda nake bugu ba tare da na dubi yatsuna ba, ni kuwa sai ƙara ɗaga kai nake yi. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, bugun kaɗai na iya. Injiniyan da ya haɗa mana kwamfutar yakan jera min wasu 'yan hotuna a fuskarta, kowane aiki da nasa, in na danna sai aikin ya buɗe. Inda aikin yake kwana a cikin na'urar kuwa, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Baba Hedimasta tsohon shugaban firamare ne da ya yi ritaya. Rabin manyan garin sun sha bulalarsa, kuma har lokacin in ya wuce suna durƙusawa. Wata safiya ya shigo da jakar fata, ya zazzage min littattafan rubutu guda tara a kan tebur. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana rubuta su. Labarin garin ne tun ana kiransa Abuja, kafin sunan ya koma sabon birni: unguwanni da waɗanda suka kafa su, rijiyoyi da waɗanda suka haƙa su, matan da ke ginin tukwane, ranar da ya fara ganin babbar mota. Yana so a buga a yi littafi kafin idonsa ya ƙarasa tafiya, don yanar ido ta riga ta rufe na hagu, na dama ma ya fara hazo.

Ga yadda muke aikin. In na buga babi ɗaya sai in fitar masa a takarda. Shi kuma ya zauna a benci bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, da gilashin ƙara girman rubutu da jan biro. Kafin ya taɓa komai, sai ya rubuta bisimilla da Larabci a saman takardar. Kowace takarda, ba ya tsallake ko ɗaya. Haka ma kowane shafi na littattafansa tara yake. Ya ce tun yana makarantar allo hannunsa ya saba, ba ya iya ɗora alƙalami a farar takarda bai fara da sunan Allah ba. In ya gama gyara ya miƙo min, in shigar da gyaran a kwamfuta, in dunƙule takardun in jefa a kwandon shara. Ni a wajena aikinsu ya ƙare.

A kan wannan kwandon muke samun saɓani da Mama mai shara. Dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, Kirista, ta fi shekara talatin a Suleja, ita ke share shaguna uku na layinmu. Ba ta iya karatu ba ko na sunanta. Amma kullum in ta zo kan kwandona sai ta tsuguna ta yi ta tona, ta zaɓi wasu takardu, ta warware su a cinyarta, ta zuba a leda. Na ɗauka masu ƙosai take kai wa. Na yi mata magana ya fi a ƙirga, na ce takardun mutane sirrinsu ne, har ƙararta na kai wajen Oga. Ita kuwa ko a jikinta. Iyakar abin da take ce min shi ne, "'Yar kwamfuta, yi aikinki in yi nawa."

Babi goma sha uku muka yi a haka. Kafin mu shiga na gaba, wanda shi ne na ƙarshe, idon Baba ya tafi gaba ɗaya, sai da sanda da laluben bango yake isowa. Babi na goma sha huɗu ba ya cikin littattafan ma, a kansa yake. Labarin mahaifiyarsa ne, maginiyar tukwane, wadda ta riƙa ɗaukar kaya a ka tana bin kasuwannin ƙauye don ya zauna a makaranta. Safiya huɗu ya yi yana faɗa ina bugawa. Wani wajen ya yi dariya, wani wajen ya yi shiru har in ɗauka ya gama, sai ya ci gaba. Ni da ba ni da saurin kuka, sai da na riƙa goge ido da gefen mayafi. Ya ce ko 'ya'yansa bai taɓa ba su wannan labarin ba. Da yake ba ya gani, ban fitar masa da shi a takarda ba, daga fuskar kwamfutar na karanta masa ya gyara da baki.

A makon ne Oga ya dawo daga Abuja da wani kwali, yana ta fara'a. Na'urar zuba aiki a faifan sidi ce. Masu harkar suna kiran aikin ƙona faifai, ko da yake babu wuta babu hayaƙi. Kafin nan a 'yan faya-fayan fulofi muke ajiye aiki, su kuwa ba su da amana, damina ɗaya sai ka ga sun yi funfuna. Oga ya ce wahala ta ƙare, abin da ya shiga sidi shekara ɗari yana nan. Ranar Asabar injiniya ya zo ya ɗaura na'urar, ya sa manhajar da ke tafiyar da ita. Cikin minti goma ya nuna min yadda ake yi, da Turanci, da sauri, hannunsa na ta yawo da linzamin kwamfutar ni ina bin sa da ido kamar mai kallon wasan ƙwallo. Na dai riƙe cewa taga biyu ce a fuskar kwamfutar, ka jawo abu daga ta hagu ka jefa a ta dama, ka danna jan maɓalli. Ya ce faifan sau ɗaya ake rubuta masa, in ya lalace ya lalace, kada a girgiza tebur, kada a taɓa komai sai ya gama. Sannan ya juyo ya ce ko na gane. Oga na tsaye a kaina, ga wasu mutum biyu suna leƙe ta taga. Na ce na gane sarai.

Wallahi ban gane ba. Ranar Litinin da na buɗe manhajar ni kaɗai, sai na ga tagar hagu cike da wasu 'yan jakunkuna rawaya, wata cikin wata, wata ta haifi wata, da sunaye da ban taɓa gani ba. Na shiga nan na fita can, ban ga littafin Baba ba. Can sai dabara ta faɗo min: ai ga babobin nan goma sha huɗu jere a fuskar kwamfutar, 'yan hotunan da nake dannawa kullum. Na matsar da tagar gefe, na jawo su ɗaya bayan ɗaya na jefa a ta dama, suka shiga lafiya lau. Na danna jan maɓalli, na ɗauke hannuna daga tebur, har numfashi nake yi a hankali. Ba a jima ba faifan ya fito da ɗuminsa. Don in tabbatar, na mayar da shi ciki na danna babi na ɗaya, ya buɗe. Na danna na goma sha huɗu, ga labarin mahaifiyar Baba nan tiryan-tiryan. Na ce a raina ashe abin ma bai kai yadda injiniya ke kumbura shi ba. A ranar na goge fulofin da ke ɗauke da littafin, na zuba musu aikin wasu.

Da Baba ya zo na karanta masa shafi guda daga cikin faifan, sannan na ciro na ɗora masa a tafin hannu. Ya yi ta shafa shi, yana juya shi, ya sa yatsa a ramin tsakiya.

Ya ce, "Komai yana cikin wannan ɗan abin, 'yata?"

Na ce, "Komai, Baba."

"Har da na mahaifiyata?"

"Har da shi. Shekara ɗari ba abin da zai same shi."

Ya sake tambaya karo na uku da zai tashi, na sake ba shi amsa, har da 'yar dariya irin ta wanda ya san abin da yake yi.

Bayan kwana biyu ya dawo yana gaya min, da sakin fuska, cewa ya rabu da littattafansa tara. Ya ce abin ya daɗe yana damunsa. Kowane shafi da sunan Allah, ga shi ba ya gani, ga jikoki cike da gida, ranar da ya kwanta dama wani zai kwashe su ya kai wa mai gyaɗa a yi ƙunshi, a yar a kwata, alhakin kuma a wuyansa. Tunda komai ya shiga faifai, sai ya sa aka haƙa rami a bayan gida, aka ƙona su da mutunci, aka binne tokar kamar yadda ake yi wa duk takarda mai tsarki. Ni kuwa ban tsaya tunanin komai ba. Cewa ma na yi ya kyauta.

Oga ya riga ya yi magana da wata maɗaba'a a Abuja, ni aka ce in kai faifan. Ranar Talatar da ta zagayo na ci ado na bi bas. Mutumin da na samu a can aiki ya yi masa yawa, ko kallona bai yi sosai ba. Ya zura faifan, sunayen babobin suka fito su goma sha huɗu, na gyara tsayuwa. Ya danna na farko. Maimakon rubutu sai wani ɗan akwati ya fito, da hoton tocila tana lilo hagu da dama kamar mai neman kuɗinsa da ya faɗi. Ya danna na biyu, tocila. Ya gwada a wata kwamfutar, tocila. Ya zare ya miƙo min ya ce, "Hajiya, faifan nan naki fanko ne." Raina ya ɓaci. Na ce masa jiya-jiya na karanta daga cikinsa, sai dai in injinansa ne suka tsufa. Ya ɗaga kafaɗa ya juya wajen na bayana.

Ina isowa shago ko mayafi ban cire ba na zura shi a tamu. Ya buɗe. Babi na ɗaya, na bakwai, na goma sha huɗu, duk suna nan, ko waƙafi bai ɓata ba. Na zauna ina kallon kwamfutar tana kallona. To wa ke ƙarya? Na ce ko zafin mota ne ya sa shi suma, in ya huce ya farfaɗo. Na ɗauki sabon faifai na sake ƙonawa, daidai yadda na yi na farko, na gwada ya buɗe. Ranar Alhamis na naɗe su biyun a tawul, na riƙe a kwance a cinyata har Abuja, ko jingina ban yi ba. Mutumin ya zura, tocilar nan ta sake fitowa tana lilonta. Wannan karon kallon da ya yi min ma ya isa.

A hanyar dawowa na kasa riƙe bakina, na ba wadda ke kusa da ni labari, kafin ka ce kwabo duk motar ta ɗauka. Wani ya ce ƙarfen lasifikar da ke ƙarƙashin kujera ne ke zuƙe rubutun. Wata ta ce a'a, ai mutanen maɗaba'ar ne suke kwashewa su ce babu, don su buga su sayar. Direba ya ce shi dai ya san ba komai ke wuce dutsen Zuma ya isa da lafiyarsa ba, aka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don a halin da nake ciki har maganar dutsen sai da na auna. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, in rubutun ya zube a hanya, wa ke mayar da shi in na dawo Suleja?

Da yamma Oga ya ce in aika wa injiniya ya zo ya duba. Na ce ba sai an taso shi ba, matsalar daga can take, zan nemi wata maɗaba'ar. Ba komai ya hana ni ba sai kunya. In ya zo zai ce in nuna masa yadda na yi, ni kuma na ce na gane a gaban mutane. Har tunanin in fitar da littafin gaba ɗaya a takarda ya zo min, sai na ga zai cinye tawadar firinta, ga aikin mutane na jira. Na ce bari dai sai Litinin. A duk tsawon kwanakin nan littafin yana nan lafiyarsa ƙalau a cikin kwamfutar, a gabana, tambaya ɗaya ce tsakanina da tsirar da shi.

Ranar Asabar wajen la'asar hadari ya haɗo ta gabas. Ina cikin buga wa wani takardar neman aiki, na ce bari in ƙarasa layin nan in kashe. Ban ƙarasa ba. Wani haske ya cika shagon, tsawa ta biyo shi, fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ƙaurin roba ya tashi. Na tsorata, amma don kaina da kayan Oga. Littafin Baba ko a raina, ai ina da faifai har biyu a aljihun tebur.

Injiniya ya zo ya buɗe cikinta, ya ce rumbun da ke riƙe aiki ya ƙone ƙurmus, da wasu kayan. Sai ranar Laraba ya kawo sababbi ya haɗa. Tana tashi na ga fuskarta wayam, babu 'yan hotunana ko ɗaya. Na ce ba komai, na ɗauko faifan Baba na zura, na danna babi na ɗaya. Sai ga tocila. Tocilar Abuja, a shagonmu, a kan teburina. Na danna na goma sha huɗu, na sa faifai na biyu, na goge shi da mayafi na sake sawa. Na ce wa injiniya ai a nan yake buɗewa kullum, a nan ɗin nan, ko makon jiya ya buɗe.

Ya sunkuyo ya duba, sannan ya sa bakin biro a jikin ɗaya daga cikin hotunan. A kusurwarsa akwai wata 'yar kibiya lanƙwasasshiya, wadda na shekara ina gani ina ɗauka ado ce. Ya tambaye ni daga ina na jawo su, na faɗa masa. Ya dafe kai. Ya ce waɗannan ba aikin ba ne, manuniya ce kawai da ya ajiye min don in riƙa isa wajen aikin da sauri. Na ce ban gane ba, kuma wannan ne karo na farko da na taɓa faɗa masa haka. Ya sake bayani, na ce to amma ai yana buɗewa. Ya ce yana buɗewa ne don aikin na cikin kwamfutar, faifan nuna shi kawai yake yi. Har yanzu kaina bai ɗauka ba. Sai ya ce in ɗauka na tumɓuke allon da ke nuna hanyar kasuwar Suleja. In na kafa shi a bakin titinmu, duk wanda ya bi shi zai isa kasuwa. In na kai shi Abuja fa, kasuwar na kai? Yanzu kuma kasuwar ce ta ƙone, allon ya rage a hannuna. A nan na gane, na kuma gwammace ban gane ba.

Ya tafi da tsohon rumbun wajen waɗanda suka fi shi sani, bayan kwana biyar ya dawo da shi ya ce babu abin da za a iya cirowa. Ranar na kama hanyar Chaza, gidan Baba. Na same shi a zaure a kan tabarma. Daga sallamata ya gane ni, ya hau tambayar ko masu maɗaba'a sun sa rana. Na durƙusa na yi ta kame-kame, tsawa, rumbu, kibiya, allon kasuwa, ni kaina ban san me nake faɗa ba. Ya bar ni har na ƙare. Ya ce shi fa bai fahimta ba, ai da kunnensa ya ji na karanta masa daga cikin faifan. Sai ya ce, "To yanzu mene ne a cikinsa?"

Na ce, "Sunayen babobin ne kawai, Baba."

Ya yi salati a hankali. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce, "Sau uku na tambaye ki, 'yata." Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Washegari ina zaune a shago idona ya kumbura, Mama ta shigo da tsintsiyarta. Ta tambayi abin da ya same ni, na ce ta yi shararta ta bar ni. Ta tsaya dai ba ta motsa ba. Ban san lokacin da na fara ba ta labari ba, ina yi ina jan hanci, duk da na san ba ta san faifai ba balle rumbu. Ta ce tsohon nan mai jan biro? Na ce shi. Ta jingine tsintsiyar ta fita. Na ɗauka haushina ta ji. Bayan kamar awa ɗaya sai ga ta da buhun shinkafa a ka, ta sauke a gabana ta kwance bakinsa. Warin kafur ya bugo ni. Takardu ne, a miƙe, an ɗaure su dami-dami da tsumma. Na zaro ta sama, ga bugun hannuna, ga jan biron Baba, ga bisimilla a samanta.

Ta ce lokacin da ta zo garin nan da ƙuruciya, a gidan wani malami suka kama haya, shi ya nuna mata wannan rubutun ya ce duk inda ta gan shi a ƙasa ta ɗaga. "Ni ban iya karatu ba, amma na san shi. Sunan Allah ne, ba a share shi da tsintsiya. Ke da kike Musulma na ɗauka kin fi ni sani." Ta ce jira take buhun ya cika ta kai wa limamin layinmu ya yi abin da ake yi da su. Na duba, bai fi tafin hannu ya rage ya cika ba. Kunyar da na ji ranar, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na kama hannunta, ita kuwa ta zare ta ɗauki tsintsiyarta.

Mako shida na yi ina jera shafuka a ƙasa ina sake bugawa. Babi goma sha uku suka dawo cif, har da gyaran Baba. Wannan karon na sa injiniya ya zauna, na ce ya nuna min tun daga farko kamar mai koya wa 'yar aji ɗaya, na tambaye shi har ya gaji. Na ƙona faifan, na kai wani shago a bakin kasuwa na ga ya buɗe a tasu kwamfutar, sannan na fitar da komai a takarda.

Saura na goma sha huɗu, na mahaifiyarsa, wanda bai taɓa hawa takarda ba balle ya samu bisimilla. Baba ya zo ya zauna a kujerar da ya zauna wancan karon, na ɗora yatsuna ina jira. Ya fara, ya yi layi uku ya tsaya. Ya sake farawa ta wani wajen, ya sake tsayawa. Na ce bari in gaya masa abin da na tuna ko zai kama zaren. Na faɗi na faɗi, yana saurare da kai a sunkuye. Da na gama ya ce labarin ne, amma ba ita ba ce. Ya ce, "Shekara sittin ina ɗauke da shi, 'yata. Da kika ce ya shiga faifai sai na sauke. Yanzu na laluba ban same shi inda yake ba." Abin da ya iya ba ni a ranar shi ne sunanta, da rafin da take ɗebo yumɓu, da cewa da damina ta rasu. Rabin shafi. A haka littafin ya fito, kuma bai shekara ba bayan nan Allah Ya yi masa rasuwa.

Faifan farkon yana nan a akwatina, da sunaye goma sha huɗu a cikinsa. Tun daga lokacin ban ƙara yarda na ajiye abu ba sai na kai shi wani wajen na ga ya buɗe da idona, ban kuma ƙara raina aikin wanda ban tambaye shi dalilinsa ba. Amma babban abin da na koya shi ne in buɗe baki in ce ban gane ba, ko a gaban wa. Kunyar minti ɗaya da na guje wa ranar da injiniya ya tambaye ni, ita ce ta sa dattijon nan ya rasa mahaifiyarsa karo na biyu.